Yadda Ake Auna Aikin Mai Binciken Jijiyoyin Jini Daga Maƙalunsa da Masu Ambatonsa

A ce an miƙo maka takardun wani masani da ke neman ƙarin girma, ko kuma kai ɗalibi ne kana laluben wanda zai duba maka aikin digiri na uku a kimiyyar aikin jijiyoyin jini. Abin da ido zai fara faɗawa a kai shi ne lambobi: maƙala kaza, ambato dubu kaza. Ambato a nan na nufin wani mai bincike ya sa maƙalar mutum cikin jerin ayyukan da ya kafa hujja da su. Lambobin suna da amfani, sai dai amfaninsu nuna maka inda za ka duba ne. Tambayar da kake son amsawa ita ce: me wannan mutum ya gano game da jijiyar jini wanda wasu suka ɗauka suka yi gini a kai? Duk matakan da ke tafe hanya ce ta isa ga wannan amsa, kuma ka ware wa aikin yini guda aƙalla.

Mataki na farko: tabbatar da mutumin

Kama da wane ba wane ba ne. Masana da yawa suna da suna iri ɗaya, kuma mujallu kan taƙaita sunan yanka zuwa harafi ɗaya ko biyu. Don haka fara da lambar ORCID, lamba ce mai gurbi 16 da aka soma bai wa masu bincike a 2012, tana bin mutum ko ya sauya jami'a ko ya sauya suna. Ka haɗa ta da shafinsa na Scopus da na Google Scholar, rumbunan intanet da ke tara maƙalu suna ƙirga ambatonsu, ka duba ko jami'o'in da aka rubuta a maƙalun sun dace da tarihin aikinsa. Idan ka ga maƙalar ilimin taurari a tsakiyar maƙalun jijiyoyin ɓera, to na'ura ce ta cusa aikin wani. Akasin haka ma na faruwa, Scopus ya raba mutum ɗaya gida biyu ko uku, ambatonsa ya warwatsu.

Mataki na biyu: haɗa jerin da hannunka

Buɗe jadawali a kwamfuta. Kowace maƙala ta samu layi ɗaya, da gurbin shekara, sunan mujalla, matsayin mutumin cikin marubuta, irin maƙalar, da yawan ambato. PubMed shi ne tushe mafi tsafta a fannin lafiya, kyauta ne, kuma kowace maƙala tana da lambarta, wadda za ka buƙata nan gaba. Yawan ambato kuwa ka ɗauko shi daga wuri biyu, ka rubuta ranar da ka ɗauka, domin adadin yana motsi kullum.

Kada ka yi mamaki idan alƙaluman suka saɓa. Web of Science na kamfanin Clarivate da Scopus na kamfanin Elsevier suna ƙirga ambato ne daga mujallun da suka tantance kawai. Google Scholar yana kwasar duk abin da ya yi kama da rubutun ilimi a intanet, har da kundin ɗalibai da maƙalun da ba a tantance ba, shi ya sa adadinsa ya fi yawa kusan kullum. A 2010 wani masanin kwamfuta a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiri marubucin bogi mai suna Ike Antkare, ya sa na'ura ta rubuta masa maƙalu kusan ɗari masu ambaton juna, sai ga shi Google Scholar ya ɗora shi cikin manyan masana na duniya. Ƙa'idar ita ce, idan za ka kwatanta mutum biyu, ka ɗauko alƙalumansu daga rumbu ɗaya a rana ɗaya. Wanda ba shi da kuɗin shiga Scopus ko Web of Science yana iya amfani da OpenAlex, wanda kyauta ne.

Mataki na uku: rarrabe maƙalun

A nan ne mafi yawan masu tantancewa ke yin gaggawa, kuma a nan ne hukunci ke gyaruwa ko ya lalace. Raba jerin gida huɗu: binciken asali, wato wanda aka yi gwaji aka samo sabon sakamako, maƙalar bita, wadda ke tattara aikin wasu, maƙalar dabara ko ƙa'idojin aiki, sai tarkacen wasiƙu da sharhin edita da taƙaitattun bayanan taro.

Dalilin rabon shi ne kowane gida da irin ambatonsa. Maƙalar da aka fi ambato a tarihin kimiyya ta dabara ce, wadda Oliver Lowry da abokan aikinsa suka buga a 1951 kan auna furotin, an ambace ta fiye da sau 300,000. A fannin jijiyoyi ma haka abin yake. A 1977 Michael Mulvany da William Halpern suka buga a Circulation Research aikinsu kan ƙananan jijiyoyin ɓera da aka ɗaura a kan siraran wayoyi biyu ana auna ƙarfin matsewarsu. Daga nan duk wanda ya yi amfani da wannan na'ura kan ambace su a sashen dabarun aiki. A 1992 David Celermajer da abokansa suka nuna a Lancet yadda za a auna lafiyar shimfiɗar cikin jijiya a jikin ɗan Adam ba tare da yanka ba: a ɗaura madaurin awon jini, a hura shi na 'yan mintuna, a saki, sannan a auna da na'urar sikanin yadda jijiyar ta buɗe sa'ad da jini ya kwararo. Ƙa'idojin wannan awo da wani kwamiti ya fitar a 2002 sun tara ambato mai yawa, kuma kowane ɗan kwamitin ya kwashi adadin gaba ɗaya a shafinsa.

Ba raina dabara nake yi ba. Wanda ya ƙirƙiro hanyar awo da dubban mutane suka dogara da ita ya yi babban aiki. Amma wanda sunansa ya shiga jerin 'yan kwamiti goma sha wani abu, ambaton da ya samu daga can ba shaida ba ce ta abin da ɗakin gwajinsa ya gano. Ka lissafa jimillar ambaton kowane gida daban. Idan kashi biyu bisa uku na ambaton mutum daga bita da ƙa'idoji suka fito, ka rubuta hakan ƙarara.

Mataki na huɗu: wa ya yi me

A al'adar binciken lafiya, marubuci na farko shi ne ya yi yawancin aikin da hannunsa, na ƙarshe kuma shi ne shugaban ɗakin gwaji wanda ya tsara binciken ya nemo kuɗinsa. Na tsakiya gudummawarsu ta bambanta, daga wanda ya yi wata shida yana awo zuwa wanda ya ba da aron ɓeraye. Mujallu da dama yanzu suna buga bayanin gudummawar kowa a ƙarshen maƙala, wasu da tsarin CRediT mai rukuni 14. Karanta shi.

Abin da kake nema a jadawalinka shi ne tafiya. Mai bincike da ya girma yadda ya kamata za ka ga ya fara da maƙalun da yake na farko a ƙarƙashin malaminsa, sannan sunan malamin ya ɓace, shi kuma ya koma ƙarshe, ɗalibansa suna gaba. Idan bayan shekara goma sha biyar duk manyan maƙalunsa suna ɗauke da sunan malamin a ƙarshe, akwai abin tambaya, ko da amsar na iya zama mai kyau.

Mataki na biyar: lissafa ma'aunai, ka san iyakarsu

Ma'aunin h, wanda masanin fiziks Jorge Hirsch ya gabatar a 2005, lissafinsa mai sauƙi ne. Jera maƙalun daga mai yawan ambato zuwa mai ƙaranci, ka gangaro har inda lambar layi ta wuce yawan ambato. Ga misali na ƙirƙira: maƙala goma masu ambato 120, 64, 40, 22, 15, 9, 7, 6, 3, 1. Ta bakwai tana da 7, ta takwas tana da 6, don haka h ɗinsa 7 ne. Lura da cewa ko ta farko ta kai ambato 12,000, h bai motsa ba. Kuma ma'aunin ba ya raguwa, yana bin shekaru, don haka dattijo ya fi matashi ko da matashin ya fi shi zafin aiki a yanzu. Hirsch da kansa ya ba da shawarar a raba h da yawan shekarun da mutum ya yi tun maƙalarsa ta farko. Yi hakan, amma ka cire shekarun da mutum ya dakata saboda haihuwa, jinya, ko aikin asibiti.

Ma'aunin tasirin mujalla kuwa, wanda ya samo asali daga aikin Eugene Garfield, na mujalla ne, ba na mutum ba. Ana samunsa ta hanyar raba ambaton da maƙalun shekara biyu da suka wuce suka samu a bana da yawan maƙalun. 'Yan maƙalu kaɗan ne ke ɗaga shi, sauran suna ƙasa da shi nesa. Sanarwar San Francisco, wadda aka tsara a ƙarshen 2012 kuma aka fi sani da DORA, ta nemi a daina auna mutum da shi, kuma ni ina tare da ita. A wannan fanni illar a fili take. Mujallun likitancin zuciya irin su Circulation suna da ɗimbin masu karatu da ambato mai sauri, yayin da Journal of Physiology da Microcirculation da sashen zuciya da jijiyoyi na American Journal of Physiology suke buga aikin da ke ɗaukar shekaru kafin a gane darajarsa. Taga ta shekara biyu ba ta ganin irin wannan aiki.

Ma'aunin da na fi amincewa da shi shi ne wanda ke kwatanta maƙala da sa'o'inta. Shiga iCite, shafin kyauta na NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, ka zuba lambobin PubMed da ka tara. Zai ba kowace maƙala lamba da ake kira RCR. Idan ta samu 1.0, ana ambatonta daidai da maƙalar tsakiya cikin waɗanda NIH ta ɗauki nauyinsu a fanninta, 2.0 ninki biyu ke nan. Kyawunsa shi ne yana gane fannin maƙala ta hanyar duba waɗanne maƙalu ake ambato tare da ita, don haka ba zai auna gwajin jijiyar hanjin ɓera da sikelin gwajin magani a kan mutum dubu goma ba. Scopus ma yana da makamancinsa, FWCI, inda 1.00 ke nufin matsakaicin duniya. Maƙalun da ba su kai shekara biyu ko uku ba, kada ka yi musu hukunci da kowanne.

Mataki na shida: duba masu ambaton

Zaɓi maƙalu biyar na binciken asali da suka fi ambato, waɗanda mutumin yake na farko ko na ƙarshe a cikinsu. Buɗe jerin masu ambaton kowace.

Fara cire ambaton kai. Scopus da Web of Science suna da maɓallin yin haka. Ambaton kai ba laifi ba ne, wanda ya yi shekara ashirin a kan tambaya ɗaya dole ya koma ga aikinsa na baya. Nazarin da John Ioannidis da abokansa suka buga a 2019 kan masana 100,000 da aka fi ambato ya samu cewa na tsakiyarsu kusan kashi 13 cikin ɗari na ambatonsa daga kansa ne ko abokan rubutunsa. Idan ka ga kashi 40 ko 50, tsaya ka duba. Haka kuma idan ɗakunan gwaji biyu ko uku ne kawai ke ta jefa wa juna ambato.

Sannan ɗauki masu ambato kamar ashirin daga shekaru daban-daban, ka nemo jimlar da aka ambaci maƙalar a cikinta. Za ka tarar da iri uku. Akwai na wucewa, inda aka jera ta da wasu takwas a gabatarwa. Akwai na aro, inda aka ɗauki dabararta. Akwai na gini, inda wani ɗakin gwaji da ba shi da alaƙa da marubucin ya maimaita gwajin, ya samu abin da aka samu, ya ƙara gaba. Na ukun nan shi ne zinariya.

Tarihin fannin ya nuna yadda ambaton gini yake. A 1980 Robert Furchgott da John Zawadzki suka buga a Nature cewa sinadarin asetilkolin yana sassauta babbar jijiyar zomo ne kawai idan shimfiɗar cikinta, wato endoteliyam, tana nan lafiya; idan aka goge ta, sassautawar ta tafi. Ma'ana shimfiɗar tana sakin wani abu da ke sa tsokar bangon jijiya ta saki jiki. Gwaji ne da kowane ɗakin gwaji zai iya maimaitawa, kuma aka maimaita shi a jijiyoyi iri-iri. A 1987 rukunin Salvador Moncada da rukunin Louis Ignarro, kowa da nasa aikin, suka kawo shaidar cewa abin nan iskar naitirik oksaid ce. A 1988 Masashi Yanagisawa da abokansa a Japan suka gano endotelin, wanda shimfiɗar ke saki don matse jijiya. A 1998 aka ba Furchgott da Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel. Moncada, wanda yana cikin masanan da aka fi ambato a duniya a shekarun 1990, bai shiga ba, kuma masana da yawa sun nuna rashin jin daɗinsu. Ina kawo wannan ne don ka ga cewa yawan ambato da hukuncin kwamiti suna iya raba hanya ko a matakin ƙoli.

Akwai kuma ambaton jayayya. Shekaru aka kwashe ana muhawara kan wani abu na uku da shimfiɗar ke amfani da shi wajen sassauta ƙananan jijiyoyi, bayan naitirik oksaid da wani sinadarin da ake kira furostasaikilin. Wasu suka ce sinadarin fotasiyam ne, wasu suka ce haidurojin feroksaid, wasu suka ce saƙon lantarki ne ke ratsawa ta ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin halitta. Maƙalar da ke tsakiyar irin wannan muhawara, masu goyon baya da masu musu duk suna ambatonta, kuma na'ura ba ta bambance su a jimilla. Manhajar scite tana ƙoƙarin rarrabe su, amma idonka ya fi ta. A ɗaya gefen, aikin da ya zama sanin kowa yakan daina samun ambato. William Bayliss ya bayyana a 1902 cewa jijiya tana matsewa idan matsin jini ya ƙaru a cikinta, yau kuwa marubuta da yawa suna faɗin hakan ba tare da sun kawo maƙalarsa ba.

Mataki na bakwai: nemi tabo

Sa sunan mutumin a Retraction Watch, rumbun maƙalun da aka janye, wanda ya zama kyauta ga kowa tun da ƙungiyar Crossref mai rajistar maƙalu ta karɓe shi a 2023, sannan ka duba PubPeer, inda masana ke nuna hotunan gwaji da aka maimaita ko aka yi wa kwaskwarima. PubMed ma yana sa alama a kan maƙalar da aka janye. Wannan mataki ba ya cin minti goma, kuma tsallake shi ganganci ne, domin maƙalar da aka janye takan ci gaba da tara ambato. A 2018 makarantar likitanci ta Harvard da asibitin Brigham suka nemi a janye maƙalu 31 daga ɗakin gwajin Piero Anversa kan ƙwayoyin da aka ce suna sabunta tsokar zuciya, bayan an shafe shekaru ana ambatonsu. Amma ka yi adalci. Wanda ya gano kuskurensa ya nemi a gyara da kansa ba ɗaya yake da wanda aka kama ba, kuma ƙorafi a PubPeer tambaya ce har sai an tabbatar.

Mataki na takwas: karanta maƙalun

Gani ya kori ji. Karanta uku daga cikin biyar ɗin nan tun daga sashen dabaru, kana tambaya irin ta mai aikin jijiya.

Wace jijiya aka yi amfani da ita? Babbar jijiyar da ke fita daga zuciya bututun wucewa ce, ƙananan jijiyoyi ne ke riƙe da juriyar da ke tsayar da matsin jini. Wanda ya yi gwaji a babbar jijiya kawai sannan ya yanke hukunci kan hawan jini ya yi dogon tsalle. Adadin da aka rubuta na dabbobi ne ko na gutsattsarin jijiya? Zobba takwas da aka yanko daga ɓera biyu ba ɓera takwas ba ne, kuma wannan kuskure yana sa sakamako ya yi kamar ya fi ƙarfinsa. An gwada lafiyar shimfiɗar da asetilkolin kafin a fara? Idan an ce naitirik oksaid ne ke aikin, an toshe shi da magani irin L-NAME an ga tasirin ya ɓace? Dabbobin maza ne kawai? A 2016 NIH ta fara buƙatar masu neman tallafinta su yi la'akari da jinsi, domin jijiyoyin mace da na namiji ba koyaushe suke amsawa iri ɗaya ba. Idan awon buɗewar jijiyar dantse ne a jikin mutane, wanda ya auna hotunan ya san rukunin da kowane mutum yake? An ba da faɗin jijiyar tun kafin a ɗaura madauri? Sakamakon kashi ne cikin ɗari, kuma siririyar jijiya takan ba da kashi mafi girma.

Daga nan ka koma jadawalin ka karanta kanun maƙalun bi da bi, daga ta farko zuwa ta ƙarshe. Wani za ka ga zare ɗaya ya ratsa su, tambaya tana haifar da tambaya, daga kwanon gwaji zuwa dabba mai rai zuwa majiyyaci. Wani kuma gwaji ɗaya ne aka yanyanka maƙala biyar, ko kuma dabara ɗaya ake ta maimaitawa ana sauya sinadari kawai. Na farkon da maƙala 30 ya fi na biyun da 150 a wurina.

Mataki na tara: rubuta abin da ka samu

Shafi ɗaya ya isa. Fara da jimla biyu ko uku da ke faɗin abin da mutumin ya gano, cikin kalmominka, tare da maƙalun da ke ɗauke da shi da sunayen ɗakunan gwaji masu zaman kansu da suka tabbatar. Idan ka kasa rubuta waɗannan jimloli bayan duk wannan aiki, ka faɗi hakan a rahoton. Bayan su sai alƙaluma: yawan binciken asali, nawa yake na farko ko na ƙarshe, ma'aunin h da ambaton kai da kuma ba tare da shi ba, RCR na manyan maƙalunsa, kowanne da sunan rumbun da ranar da aka ɗauko. Ƙara abin da ambato ba ya nunawa, kamar ɗaliban da ya yaye, bayanan gwaji da ya saki don wasu su yi amfani da su, da sakamakon da bai zo yadda aka so ba amma ya buga shi. Idan kwatanci za ka yi, zaɓi mutum uku ko huɗu da suka fara bugawa a shekaru ɗaya da shi, masu aiki a irin reshensa, mai gwajin dabba da mai gwajin dabba, mai awon mutane da mai awon mutane, ka bi da su ta waɗannan matakai kafin ka sa su a layi ɗaya.